Turminki Ba Na Gahawa Ba Ne, Inna

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya yalwata miki makwanci. Na san wannan takarda ba za ta same ki ba. Ko kina raye ma ba karantawa za ki yi ba, miƙo mini za ki yi ki ce in karanta miki, in na kai tsakiya ki tashi duba tukunya. Amma abin da ke cina ya yi yawa. Jikarki Maryam in na zazzaga mata da Hausa rabi take kamawa, ta amsa mini da Larabci, kafin maganar ta isa kunnenta fushin ya huce. Ke kaɗai za ki ji shi da zafinsa.

Bari in fara da labarin gida. Unguwarmu Karantina ta nan Jidda babu ita, Inna. Allah ya rufa miki asiri kin tafi kafin motocin rusau su iso. Lungunmu, famfon da kuke layi, rumfar mai tsire, ɗakin da kika cika a cikinsa, duk fili ne yanzu, ko ni da na aurar da 'yata a can ba zan iya nuna miki inda ƙofarmu take ba. Maƙwabta sun watse, wasu Makka, wasu an mayar da su Nijar da Chadi, ƙasashen da 'ya'yansu ba su taɓa gani ba. Mu muna Sharafiyya a saman wani bene, tagarmu tana kallon bangon wasu. Ranar tashi na bar gado, na bar kabad, amma na ɗauko taɓaryarki da kike tokare ƙofa da ita. Direban motar kaya har dariya ya yi mini, wai Hajiya an bar katifa an ɗauko sanda.

To wannan taɓaryar ce ta sa na zauna rubutu.

Kin tuna gidan mahaifina Abuya na cikin Balad, tsohon garin Jidda, bayan ƙofar gari ta Bab Makka? Ina tambaya kamar za ki manta. Gidan da aka kai ki amarya, gidan da kika haife ni. Bayan kin bar shi 'yan haya suka cinye shi, bangon dutsen teku ya jiƙe yana zuba, tagogin katakon nan masu huda-huda suka karkace kamar haƙoran tsohuwa. To yanzu an tashe shi. In kika gan shi sai kin riƙe baki. An fitar da simintin da 'yan haya suka lafta, an mayar da farar ƙasa irin ta da, an sassaƙo sabon katako an cike inda gara ta ci. Ban ƙi gaskiya ba, aiki ya yi kyau. Ranar da na fara shiga zauren, sanyin nan na ƙasa ya bugi ƙafata, sai da na dafa bango.

Wanda ya yi aikin Faisal ne, ɗan Yaya Umar. Ba ki san shi ba, a Kanada aka haife shi, ba a taɓa kawo miki shi kin sa masa albarka ba. Yaro ne mai ladabi, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya taso can cikin sanyi yana jin shi ba kowa ba ne, sai ya tashi neman asalinsa. Ya je har Hadaramaut ta ƙasar Yaman ya ga kwarin da kakansa Abuya ya baro saboda yunwa. Ya je tsibirin Jawa ya nemo kabarin wani baffansu da ya tafi fatauci bai dawo ba. Ya tattaro hotuna, da akwatin tafiya, da rawani, da sikelin shagon Abuya, ya ce zai mayar da gidan wurin da mutane za su zo su ga yadda Larabawa 'yan ci-rani suka bar ƙasarsu suka kafa gida a Jidda. Kalma ɗaya ce a bakinsa, turas, turas, wato kayan tarihin kakanni. Ko tsohuwar fitila ya tsinta a shara sai ya ce turas ce.

Shi ya nemo ni da kansa har Sharafiyya, da kwalin dabino a hannu. Na ji daɗi, wallahi na ji. Na ce yau jinina ya zo. Sai da ya zauna ya buɗe baki ya kira ni Hala Binta. Hala, Inna! Abin da ake kiran kowace tsohuwa mai sayar da gyaɗa a bakin titi. Ɗan wana da ya kamata ya ce Ammati, ƙanwar ubana. Na ɗauka rashin Larabci ne irin na 'ya'yan waje, na share. Ya yi ta tambayata Abuya: me yake ci, ina yake zama, wane masallaci yake zuwa. Ko sau ɗaya bai tambaye ni ke ba. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce babansa yana yawan faɗin alherin mahaifiyata, wai ita ce dadarsa, mai renon da ta yi wa gidansu hidima da amana.

Mai reno. Kin ji abin da Umar ya gaya wa 'ya'yansa.

Umar ɗin da uwarsa ta rasu yana rarrafe, Abuya ya auro ki kika same shi da gudawa da ƙuraje, kika ɗaure shi a bayanki da majanyi. Umar ɗin da ba ya barci sai kina daka yana goye, kansa yana lilo a tsakanin kafaɗunki. Wanda da Hausa ya fara magana kafin Larabci, har baffanninsa suna faɗa wai za a mayar musu da ɗa Takaruni, baƙar fata irinmu. Lokacin da ciwo ya kwantar da Abuya shago ya mutu, wa ya riƙe gidan? Ba ke ba ce kike daka yaji da gumba, ki ɗora tire a ka ki zauna Bab Makka cikin ranar nan ta Jidda mai narka mutum? Da me aka sayi takalmin da ya je makaranta da shi? Haba Umar. Haba!

A take na gaya wa Faisal gaskiya. Na ce uwata matar kakanka ce, aure na sunna, an ɗaura a masallacin unguwa an raba dabino da goro, ni kuma ƙanwar ubanka ce uba ɗaya. Na ce ya dubi hoton Abuya da yake yawo da shi a waya, ya dubi hancina da wushiryata. Yaron ya rikice, fuskarsa ta yi ja. Ya fita ya kira ubansa. Da ya dawo ya kasa kallon idona, ya ce wai babansa ya ce halas, abin da ya wuce ya wuce, a bar tone-tone. Waɗanda suka shaida auren duk sun bi ki, baffannin ma ƙasa ta rufe su. Saura ni da Umar. Maganata da tasa, kuma kin san ta wa ake ɗauka a garin nan tsakanin fari mai digiri da baƙar tsohuwa daga Karantina.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya ƙi haɗiyuwa sai da na je gidan ana dab da gama aiki.

Sun haƙo turminki, Inna. Turmin ƙirya da Kaka mahaifinki ya sa aka sassaƙa miki a Sudan, aka ɗoro shi a jirgin ruwa cikin kayan ɗakinki. Wanda aka kife aka zaunar da ke a kai aka yi miki wankan amarci, kin sha ba ni labarin yadda kika yi ta kuka tsofaffi suna guɗa. Wanda Abuya ya sa aka kafa a ƙasa bayan zaure aka zagaye gindinsa da farar ƙasa, don ya ce in kika yi daka a sama gidan zai tsage. Sun ciro shi, sun goge, sun shafa masa man ƙyalli a baya, sun ɗora shi a kan wani dandamali a tsakiyar zaure, sun zagaye shi da jar igiya kamar mai laifi. Suka kafa ɗan allo a gabansa da Larabci da Turanci: turmin gahawar Shehu Salim, wato Abuya, wanda ya taho da shi daga Hadaramaut.

Turmin gahawa! Wace irin gahawa ake dakawa a turmin da ya kai ƙugun mace? Ta rundunar yaƙi? Har sun samo wata 'yar taɓaryar tagulla, tsawonta bai fi cokalin miya ba, sun jingina a ciki, ko rabin zurfinsa ba ta kai ba. Ga tsagar nan ta gefe da kika ɗaure da gwangwanin man gyaɗa da ƙusoshi, tana nan, sun goge ta tana walƙiya, wai aikin maƙeran Yaman ne. Na tsaya ban san dariya zan yi ko ihu ba. Ɗakinki kuma na bayan zaure, inda aka yanke mini cibiya, an rubuta a ƙofarsa ɗakin masu hidima.

Ba laifin yaron ba ne, bai taɓa ganin mace tana daka ba. Ya ga katako mai rami, ya tambayi ubansa, ubansa ya yi shiru, shi kuma ya cike shirun da abin da yake so ya ji. Amma ke kin sani, ni na sani, Umar ya fi kowa sani: 'yar aiki ba ta zuwa gidan mutane da turmi. Amarya ce take zuwa da turminta. Duk Jidda wannan katakon ne kaɗai ya rage da zai ce ke matar gida ce. Karantina ta tafi, kabarinki babu alama kamar na kowa. In aka bar allon nan, jikokin jikokin Abuya za su zo su ɗauki hoto da gahawar ƙarya, ke kuma an shafe ki, kamar ba ki taɓa taka ƙasar Allah ba.

Yanzu bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya miki ba. Ina fushi da ke, Inna. Na daɗe ina fushi da ke. Ranar da baffannin Umar suka zo bayan arba'in ɗin Abuya suka ce gidan wakafin zuri'a ne, za a sa 'yan haya, me ya sa ba ki buɗe baki ba? Ni ba zuri'a ba ce? Kika naɗe tabarmarki kika ce gara ki koma cikin 'yan'uwanki a Karantina. Da kika nemi a ciro miki turminki suka ce abin da aka kafa a ƙasa na gida ne, kika ce to. To! Kullum to. Kika saɓa taɓarya a kafaɗa, kika kama hannuna muka fita, ko waiwaye ba ki yi ba. Kin sayi wani turmin a can, amma ba ki taɓa saka wannan taɓaryar a cikinsa ba, kin ɗauka ban lura ba? Mutane suna yabon haƙurinki. Ni haƙurin nan naki ya ƙone mini rai, don shi ya koya wa Umar cewa ana iya taka ki a wuce lafiya.

Sau nawa ya zo Jidda bai leƙo ki ba? Zuwan da ya yi Karantina, can bakin titi ya bar mota don kada ƙura ta taɓa ta, ya zauna a bakin kujera kamar wanda ake jira a waje. Kika rasa inda za ki sa shi don murna. Duk sallah sai kin dunƙula gumba kin ware babba kin rufe da faifai, wai ko Umar zai shigo. Ta bushe, mu cinye ta da shayi. Da kika rasu saƙo ya turo ta waya.

Akwai kuma wanda ya fi wannan ciwo. Ni ce 'yarki ta fari, ni ce ta ƙarshe, kuma saboda kunyar ɗan fari irin ta mutanenku ba ki taɓa kiran sunana ba. Ke wannan. Ke yarinya. Ko ina zazzaɓi ba kya rungume ni a gaban mutane. Shi kuwa da ba ke kika haife shi ba, babu kunya tsakaninku: Umaruna, Ummaru ɗan Inna, zo ka karɓa. In kin gama daka, dunƙulen farko nasa ne, ni sai na biyu. Na san al'ada ce, na san kina sona, na gani a idonki ranar da za a kai ni ɗakin miji. Amma yarinya ƙarama ba ta san al'ada ba, ta san dai wa aka fara miƙa wa. Na so ko sau ɗaya in ji Binta a bakinki.

To ga abin da ya faru ranar buɗe gidan, shi ne ainihin labarin da na zo ba ki.

Bayan la'asar aka yi taron. An kawo Umar daga Kanada a kujera mai taya, ƙafafu sun mutu amma kai garau, kada ki ce rikicin tsufa ne. Ni ma an gayyace ni, a matsayin 'yar dada. Tun safe na surfa gero na wanke, na jiƙa shi ya yi laushi, na haɗa citta da kanumfari da sukari. Na naɗe taɓarya a zanenki mai ruwan bula. Maryam tana ta ya Ummi, ya Ummi, za ki ba mu kunya. Na ce yalla, ɗauki ƙwarya mu tafi, kunya ai an riga an ba mu.

Zaure cike da manyan mutane, fararen riguna da baƙaƙen abaya, turaren wuta yana tashi, ana zagayawa da gahawa a ƙananan kofuna. Faisal yana tsaye gaban turminki yana bayanin yadda kakansa yake daka wa baƙi gahawa da hannunsa. Abuya da ko ruwa ba ya ɗebo wa kansa! Ban yi sallama ba. Na ɗaga jar igiyar na shiga. Na cire 'yar tagullarsu na miƙa wa wani mai gemu da ke kusa, ya karɓa don bai san abin da zai yi ba. Na rungumi turmin na sauko da shi ƙasa, bayana har yau bai yafe mini ba. Na zuba gero. Na kwance zane.

Inna, taɓaryar ta sauka a cikinsa kamar jiya suka rabu. Ƙarar ta bi ƙasa ta hau bango, na ji ta a tafin ƙafata. Na yi irin naki, bugu biyu a ciki, ɗaya a baki, a cilla sama a tafa a cafe. Kafaɗata tana kuka ban kula ta ba. Wani mai gadi ya matso, Faisal ya ɗaga masa hannu. Wasu sun zaci cikin shirin ne har suna ɗauka a waya. Ni dai ina daka, ƙanshin citta ya danne turarensu, hawaye yana zuba ban san na fushi ne ko na kewarki ba.

Da gari ya fara kama jikinsa na yayyafa ruwa, na sa hannu na dunƙula. Ina ɗagowa na ga kujerar Umar a bakin igiya. Shi ya turo kansa. Tsoho da furfura da gilashi, ya miƙo hannu biyu a haɗe kamar yadda kika koya mana karɓar abu. A hankali, da Hausar da na ɗauka ya binne ta a ƙanƙarar Kanada, ya ce ai shi Inna take fara miƙa wa.

Na ce na sani. Na riƙe dunƙulen a hannuna ban miƙa ba. Na tambaye shi turmin wa ne wannan. Ya sunkuyar da kai ya ce na Inna ne. Na ce wace ce Inna. Ya ce matar Abuya ce, uwarsa ce da ta goye shi. Duk da Hausa, ƙasa-ƙasa, yadda daga ni sai shi. A nan ne raina ya tashi gaba ɗaya. Na ce a'a Yaya, ba da Hausa ba. Da Hausa ni kaɗai zan ji, ni kuma ba ni nake buƙatar ji ba. Da Larabcin da ka mayar da ita baiwa za ka mayar da ita matar gida, kuma ka ɗaga murya, ɗanka yana bayanka.

Na rantse miki da ya ƙi, da na juye gumbar nan a ƙwarya na saɓa taɓaryata na fita, kuma ni da na waiwaya na tofa. Sai ya cire gilashin. Ya faɗa da Larabci, muryarsa tana fashewa, har na bakin ƙofa sun ji: wannan turmin Hauwa'u ne, matar ubansa, uwarsa, da shi aka kawo ta gidan nan amarya, wannan kuma Binta ce ƙanwarsa.

Faisal ya durƙusa ya tumɓuke allon nan da hannunsa, ya kife shi a ƙasa. Da zan tafi ya raka ni har bakin lungu yana riƙe da ƙwaryata, ya ce Ammati, yaya ake rubuta sunanta. Na ce ya rubuta Hauwa'u, ya ƙara Kulu, don da shi mutanenta suka san ta.

Kada ki ɗauka na huce. Ban huce ba. Maganar da ya kamata ya faɗa kina da kunnen ji, sai da kika zama ƙasa ya faɗe ta, kuma sai da na riƙe masa abinci kamar yaro. Ban yafe masa ba tukuna, kada ki fara yi mini wannan kallon. Amma kin san abin da ya fi ba ni haushi? Dunƙulen farkon nan shi na ba. Hannuna ne ya miƙa kafin in yi shawara da shi. Ya ci yana kuka, gari a gemunsa. Ni na ci na biyu, a tsaye, kamar kullum.

Taɓaryar na bar ta a cikin turmin. Ƙofarmu ta Sharafiyya tana da makulli, ba ta buƙatar tokari. Kin koma gidanki, Inna, ta ƙofar gaba, kuma wannan karon babu mai ce miki tashi.

Allah ya jiƙanki, ya haɗa ki da Abuya a inda ba a tambayar launin kowa. In na iso, ki ajiye kunyar nan gefe ki kira ni da sunana.

'Yarki ta fari, mai dunƙule na biyu,
Binta